Ba a Sako Ba

A wani gari da ke bakin fadama an yi wani dattijo mai gandu, wanda Allah ya yi wa arzikin ƙasa da na 'ya'ya. Maza biyar ya haifa, kowanne ya yi aure ya ja sashensa a cikin gida ɗaya, ƙofa ɗaya suke shiga. Tare suke noman gandun tun daga sharar gona har girbi. Al'adar gidan kuwa, ranar da aka gama ɗaurin gero tsohon zai zauna a bakin gona ya raba dammuna da bakinsa, kowa na ji: kaso mafi tsoka nasa ne, saboda baƙi da biki da ranar tsiya, sai na babban ɗansa, sai na ƙannen huɗu, kowa gwargwadon bakunan da ke sashensa.

Da girma ya kama shi, ido ya yi rauni, sai ya fito da wani tsari, kuma da kyakkyawar niyya ya fito da shi. Ya ce a daina kai wa ƙannen nasu ɗaki-ɗaki, ɓera da gara su gama da shi. A gina rumbu ɗaya babba a tsakar gida a zuba rabonsu duka, Yaya ya ɗora kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu a gayaunarsa, sannan duk wata ya auna wa kowa nasa. Aka gina rumbu, aka sa masa ƙyauren langa-langa da kwaɗo, aka danƙa wa Yaya makulli.

Shekarar farko lafiya lau aka ci ta. A ta biyu Yaya ya ce tun da hatsin wuri ɗaya yake, gara a riƙa cire na hidimar gida tun daga sama, a hutar da kowa. Ya cire ladan malamin da ke karantar da yara, aka ce daidai ne. Ya cire gaisuwar mai gari, ya cire kuɗin taki, ya cire na gyaran amalanke. Ɗaya cikin goman da aka ce ya ɗora kuwa, ba wanda ya taɓa ganin ranar da ya shiga rumbun, kunya kuma ta hana a tambaya. A shekara ta uku ya ce gidan nan ya tsufa, kuma mutuncin gida a zaure yake. Ya rushe zauren ƙasa ya gina na siminti, da fenti, da ƙofar ƙarfe, da fitila mai aiki da hasken rana. Ya ce aikin haɗin gwiwa ne, saboda haka daga rumbu za a biya. Bai tambayi ƙannen ko zaure ne ya dame su ba, bai kuma gaya musu buhu nawa aikin ya ci ba. Masu wucewa a hanya suka riƙa tsayawa suna sa masa albarka.

Wanda ya wuce zauren ya shiga ciki kuwa, wani gida daban zai tarar. A sashen Auta azara biyu sun karye tun daminar da ta wuce, in hadari ya haɗo matarsa sai ta jera kwanoni uku a tsakar ɗaki, ta ja tabarmar yara can lungun da ruwa bai cika sauka ba. Bakin rijiyar gidan ya zube ta gefe ɗaya, igiyar gugan ƙulli ne a kan ƙulli, har matan suka hana yara zuwa wajen. Kullum da safe matar za ta ajiye ƙwarya a bakin ƙofa tana jiran awo, mijin ya fito yana gyara hula, ba tare da ya haɗa ido da ita ba ya ce, "Ba a sako ba." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Shi ma tun bayan asuba yake tsugune a ƙofar Yaya, a ce masa yana barci, ko yana da baƙi, ko ya yi tafiya. Ranar da aka dace aka buɗe rumbu, da wani mudu ake awon, wanda aka bubbuge wa gindi har ya shige ciki. Kowa ya ga mudun. Ba wanda ya ce uffan, don mai magana shi ake bari a ƙarshen layi.

Na ukunsu ne ya gaji ya ɗaga murya wata rana, ya ce Baba dammuna ashirin ya ambata wa sashensa a bakin gona, shi kuwa abin da ya shiga ɗakinsa bai kai na bakwai ba, ina sauran? Yaya bai yi masa faɗa ba. Washegari dai ya sanar cewa daga yau yaronsa ne zai riƙa karɓar awon wannan sashe ya miƙa wa matan, riƙo ne na ɗan lokaci, har sai ƙanin ya dawo hayyacinsa. Yaron nan ba shi da mata a sashen, ba shi da ɗa, ba wanda zai yi masa kukan yunwa da dare. Fuskar Yaya kaɗai yake kallo. Riƙon ɗan lokaci ya ci damina uku.

A yi wa Yaya adalci, yana da hujjar da yake kafawa, kuma ba daga iska ya ɗauko ta ba. An taɓa miƙa wa mai bi masa rabonsa cif a hannu wata shekara, kafin bazara ya kai kasuwa ya sayar, ya sayi babur ya ƙaro aure, da damina ta yi tsakiya 'ya'yansa suka riƙa bin ɗakunan gida da kwano. Duk sanda aka tayar da zancen makulli sai Yaya ya tuna wa mutane wannan, sai baki ya mutu. Ni dai abin da ke ci mini rai a irin wannan hujja shi ne gaskiyarta. Da ƙarya ce da tuni an ture ta, amma da yake gaskiya ce sai ta zama bargon da mutum ɗaya ya lulluɓe laifinsa da shi shekara da shekaru.

Daga ƙarshe koke ya yi yawa har ya kai kunnen tsohon, shi da kansa ya sa aka kai maganar gaban alƙali. Alƙali ya saurari kowa, ya yanke cewa rabon kowane ƙane nasa ne, a miƙa masa a bakin gona, ba wanda ke da ikon riƙe masa, kuma yaron riƙo ya bar sashen da ba nasa ba. Mata suka yi guɗa a cikin gida. Yaya ya ce ya ji ya yarda, ai shari'a gaba take da kowa. Ya janye yaronsa, amma ya ce shi zai nuna wanda zai tsaya wa kowane sashe, kuma ya nuna waɗanda ba sa iya ɗaga ido su dube shi. Ya kuma ce in an ba kowa nasa a bakin gona ba laifi, sai dai kafin magariba kowa ya dawo da gudunmawar hidimar gida cikin rumbu. Tsohon kuwa, da ya kai ƙarar, da kaka ta zo sai ya ce a ɗan dakata tukuna a tsara yadda za a yi, a zuba a rumbu kamar yadda aka saba. Ya san Yaya ne mai tara masa gayya, shi ne mai kai shi gaisuwa fada, ba ya son su ɓata.

Nan ne matan suka haɗa baki suka aika Gwaggo ta kira Kawu.

Kawun nan ƙanin mahaifiyarsu ne, tsohon malamin kuɗi. Yana saurayi ya fara aiki a Baitulmalin En'e, ya ƙare a ofishin ma'ajin ƙaramar hukuma, yanzu yana gida yana jiran fansho. Ya iso da kakar 2024, ana tsakiyar sussuka. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a zaure, tsohon na kishingiɗe, 'ya'yan biyar na zaune, mata sun taru a bayan ƙofar ciki suna kasa kunne.

"Babba, zauren nan ya yi kyau, Allah ya sa albarka."

"Amin, Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya."

Daga nan bai ambaci rumbu ba, bai ambaci makulli ba. Ya ce tsufa ya sa shi yawan hira, su yi haƙuri da shi, labarin aikinsa yake son ba su.

"Mu da muka yi En'e ba zan ce muku zamanin daɗi ne ba. Haraji da jangali da bulala ake karɓarsu, na ga mutum ya bar garinsu cikin dare saboda kuɗin haraji. Shi ya sa da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu a 1979 talaka ya yi murna, kuma yana da gaskiya. Amma abu ɗaya ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya biya, da rasit a aljihunsa, kuma ma'aji ba ya tashi sai littafi ya daidaita da akwati. Kwabo ya ɓace, sai an nemo hannun da ya sa alama. Kuɗin daga aljihun mutane ya fito, don haka ana tsoron tambayarsu.

"A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, aka ce su ne hawa na uku na mulki, su ne kusa da talaka, za a riƙa ba su kaso daga asusun tarayya. Yau su 774 ne. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Aka ɗora musu kasuwa da tasha da kwata da shara da maƙabarta da rajistar haihuwa, aka sa hannunsu a makarantar firamare da ɗakin shan magani. Wato duk abin da mace ke buƙata tsakanin ƙofar gidanta da bakin titi, su ne. A lissafin rabon da ake bi, cikin kowace naira ɗari tarayya na ɗaukar 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Ba ƙaramin kuɗi ba ne. To amma tsarin mulkin 1999, a sashe na 162, ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, kuɗin ƙananan hukumomi ya sauka a nan tukuna kafin ya isa gare su. Akwai kuma dokar da ta ce jiha ta ɗora musu kashi goma cikin ɗari na harajin da take tarawa. Waɗanda suka rubuta, ina kyautata musu zato."

Ya kurɓi shayi, ya gyara zama.

"Na zauna a ofishin da takardar ke zuwa. A jarida za ka ga an buga ƙaramar hukumarmu ta samu miliyan kaza. Ciyaman ya tafi babban birni taron rabo, ya sa hannu a kan miliyan kazan nan, ya dawo da abin da da ƙyar ya wuce albashi. Sauran an cire tun daga sama: na malaman firamare, na masarauta, na fansho, na horar da ma'aikata, sai babbansu, na aikin haɗin gwiwa. Titi mai fitilu a birni, wanda mutanen ƙauyenmu ba sa takawa sai ranar da aka ɗauko mara lafiya a mota. Kashi goman jiha kuwa, ni har na bar aiki ban rubuta shi a shafin shigowa ba. Mai unguwa zai zo da takarda, rijiyar burtsatse ta lalace wata huɗu, mata na tafiya rafi. Hedimasta zai zo, iska ta yaye kwanon aji biyu, yara na ƙarƙashin darbejiya. Malamin asibiti zai zo, ko auduga babu. Mu kuma mu dube su mu ce ba a sako ba. Wallahi har yau in na tuna fuskokinsu barci na ƙaurace mini."

Zauren ya yi tsit. Yaya ne ya yi gyaran murya.

"Amma Kawu, ai na ji an taɓa ba ciyamomin nan a hannunsu. Me suka yi da shi?"

"Gaskiyarka, Babba. Farkon shekarun 1990, zamanin Babangida, kuɗi na zuwa musu kai tsaye, aka kuma ɗora musu albashin malaman firamare. Malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya rufe makarantu. Da idona na ga ciyaman da ba ya taka sakatariya sai ranar da kuɗi ya sauka, ya raba da yaransa ya koma birni. Ba zan wanke su ba. Amma ɗana, wanda ya kasa riƙon nasa, littafinsa ake buɗewa a gaban mutane, in ya ci a hukunta shi, in lokacin zaɓe ya yi a sauke shi. Ban taɓa jin malamin da ya ce maganin almubazzari shi ne a cinye masa rabo ba. Kuma shi mai riƙon, wa ke buɗe nasa littafin? Ciyaman da ya ɗaga murya sai a rushe majalisarsa a naɗa kantoma, alhali sashe na 7 na tsarin mulkin nan zaɓaɓɓu ya tanada. Kantoma kuwa ba mutanen garin suka sa shi ba, me zai sa ya ji tsoronsu?

"Ranar 11 ga Yulin bana ina zaune da rediyo a kunne. Kotun Ƙoli, alƙalai bakwai, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da hurumin riƙe shi, kuma inda kantoma ke zaune ba za a tura ko sisi ba. Hawaye na yi, don ban zaci zan ga ranar ba. To me ya biyo baya? Tarayya ta kafa kwamiti. Jihohi suka shiga rige-rigen zaɓe. A watan Oktoba APC mai mulkin Kaduna ta lashe kujerun ciyaman 23 duka, NNPP mai mulkin Kano ta lashe 44 duka, kun ga ba maganar jam'iyya ɗaya ba ce. A Anambra aka yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi. Ga shi har mun shiga kaka, kuɗin bai fara sauka kai tsaye ba. Kuma ku tuna, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai, talaka ne ya biya a kuɗin mota da na mudun masara, amma ɗakin shan maganin garinmu har yau jemagu ne a ciki. Abin da ya fi ba ni takaici, wanda ya kai ƙarar shi ne mai riƙe da asusun, hukunci kuma na hannunsa. Sai dai yana buƙatar gwamnonin ranar zaɓe."

Tsohon ya yi tari, ya juya ya ba su baya.

Auta, da tun ɗazu yake ta gyaɗa kai, ya kasa haƙuri. "Faɗa musu dai, Kawu!"

Kawu ya juyo ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. "Auta, a duk hayaniyar nan, ban ji ciyaman ɗin da ya tashi ya ce in an ba ni nawa zan manna lissafi a bangon sakatariya kowa ya karanta ba. Kowa so yake makulli ya dawo aljihunsa. Mai unguwar nan da hedimastan nan, ba ruwansu da aljihun da makulli yake, su dai a nuna musu nawa ya shigo, ina ya tafi."

Auta ya sunkuyar da kai. Yaya ya ce dare ya yi, Kawu ya sha hanya, Allah ya gyara mana ƙasa. Aka ce amin, aka naɗe tabarmi. Na tabbata ba wanda ya fita zauren nan bai gane da shi ake ba, amma ganewa ba ta buɗe kwaɗo, kuma da gari ya waye makulli na nan inda yake.

Kafin Kawu ya hau mota ya kira babban ɗan Auta, yaro ɗan aji biyar, ya ba shi littafin rubutu sabo da biro. Ya nuna masa yadda ake ja layi biyu a raba shafi gida uku: abin da aka ambata, abin da ya shigo, abin da ya fita. Ya ce kowane sashe a ba shi shafinsa, kada a rubuta sai abin da ido ya gani.

Uwar yaron ce ta riƙe abin da gaske. Ranar da aka ci gaba da sussuka ta tura shi masussuka ya tsaya daga gefe yana ƙirga buhuna. Yaya ya hango shi, ya daka masa tsawa, ya ce wa ya koya wa yara sa ido a harkar manya. Yaron ya dawo yana kuka. Washegari matan sauran sassan suka haɗa shi da nasu yaran, su shida, suka jeru a kan kututture, ɗaya na ƙirgawa da ƙarfi ɗaya na rubutawa. Korar yaro ɗaya abu ne mai sauƙi, amma korar shida a gaban 'yan ƙwadago da maƙwabta abin magana ne a gari, sai Yaya ya ƙyale su. Ranar awo kuma Gwaggo ta aiko da mudunta na kasuwa, ta ce a yi mata alfarma a gwada shi da na rumbu. Aka cika nata aka juye a nasa, gero ya tsiyaye ƙasa. Yaya ya ce tsufa mudun ya yi, za a sayo sabo. A watan nan sashen Auta ya samu buhu huɗu, abin da rabonsa da gani tun kafin a gina zaure, ko da yake gidan farko na shafinsa a littafin ya nuna bakwai ya kamata ya samu.

Bayan sati biyu Auta ya shigo da daddare ya ce a ba shi littafin, zai kai wa sauran 'yan'uwa su haɗu su tunkari Yaya da ukun da suka ɓace. Matar ta ɗauko ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce yaron ya karanta wa babansa shafin sashensu tukuna, gida na uku. Yaron ya matso da fitila ya karanta: buhu huɗu sun shigo ranar Litinin, ɗaya ya fita ranar Juma'a a bayan babur, ɗaya kuma ranar kasuwar da ta biyo baya.

"Malam, azarar ɗakin nan har yau a karye take, kuma kuɗin maganin yarinya bashi na ci," in ji ta. "Kawu ya ce zai dawo bayan Sallah. Ni da matan gidan nan mun yi magana, za mu roƙe shi a karanta littafin a zaure, shafin Yaya da naku gaba ɗaya."

Auta ya ce ai wannan tonon silili ne, maganar cikin ɗaki ba a kai ta zaure. Ta ce ba ta ƙi ba, in kuɗin buhu biyun ya dawo kafin Sallah yaron zai rubuta ya dawo, in bai dawo ba kuma ba za ta sa shi ya goge abin da ya gani ba.